Rabin Katangar Kaka

"Lafiya lau na wuni, maigida. Sai da na ji ƙarar baronka gwiwata ta motsa."

"Gwiwar da ta girmi titin unguwar nan? Daina ɗora wa barona laifi, amarya."

Haka suke gaisawa tun yana rarrafe. Jikanta ne na fari, ɗan babbar 'yarta, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Feshi tun da ya sayi injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi, irin wanda ke ɗaye dattin shekara goma daga jikin bango ko daɓe. Yau ma injin ne a cikin baron, an naɗe tiyonsa tsaf, an goge shi yana ƙyalli. Sai dai ba aiki ne ya fito da shi ba. Ƙarfe huɗu mai saye zai zo ya ɗauka, kuma a gidan Kaka suka yi za su haɗu, don ba ya son matarsa ta ga ranar da injin zai bar hannunsa.

Ya jingine baron a gindin katangar tsakar gida. Katangar nan abin kallo ce. Rabinta fari tas, rabinta baƙi ƙirin da gansakuka, ga layi a tsakiya kamar an ja da zare. Shi ya yi mata haka wata biyar da suka wuce, don ya samu hoton da zai yi talla da shi, ya ce da Kaka a bar ta haka tukuna.

"To madalla," in ji Kaka daga kan tabarmarta. "Yau za a ƙarasa mini katangata ke nan."

"Ko ɗigon fetur babu a ciki. Sayarwa zan yi."

"Injin da ka ce da shi za ka sa mini haƙoran zinariya?"

"Me ya rage miki a duniya da za ki tauna?"

"Namanka, in da akwai. Dubi wuya kamar tiyon. Ni dai na yi asarar miji."

"Ni na yi asarar mata. Mutane suna aurar mai kawo arziki, ni an haɗa ni da mai kawo tari."

Ya zauna a bakin tabarmar. Bakinsa ne kawai yake wasan, zuciyarsa ba ta ciki, kuma Kaka ta lura.

"Wai ba kai ne ka cika gari da takardu ba? Har da hotonka kana washe baki."

"Dubu ɗaya na buga. Na bi gida gida ina turawa ta ƙarƙashin ƙofa har ƙuguna ya riƙe. Shekaran jiya na je sayen ƙusa, mai shago ya ƙunshe mini a cikin fuskata."

"Ai takardar mai kyau ce. Ɗarin da ka ba ni in raba wa baƙi, wallahi ashana ɗaya take so ta kama. Ban taɓa ganin amfaninka irin na ranar ba."

"Da ni kike hura wuta?"

"Da wa zan hura? Kai ne mijin."

Ya girgiza kai. "Na bar takarda na koma waya. Sau uku ina biya a nuna wa mutane bidiyon katangar nan. Mutum dubu tara suka kalla."

"Dubu tara? To ina suke?"

"Shida suka kira. Biyu suka ba ni aiki, kuma abin da na kashe kafin in samu kowannensu ya ninka abin da ya biya ni sau uku."

"Wato kai kake biyan mutane su bar ka ka yi musu wanki. Ka zo nan mana, ga tukwanena, ni rangwame zan yi maka."

"Sauran huɗun ba aikina suke so ba. Ɗaya ya ce in ara masa injin. Biyu suka tambaye ni inda na saya. Cikinsu ɗaya ya sayi nasa, yanzu yana layin bayanmu yana karya mini farashi. Na ƙarshen shi ne mai zuwa ƙarfe huɗu. Wata biyar ina talla, tsohuwa, ashe injin nake yi wa."

Kaka ta yi dariya har da tari. "Kai dai wauta a jininku take, ta wajen ubanka. Kana biyan kuɗi baƙi su kalle ka a waya, ni nan ina zaune ban biya kowa ba, kullum sai an tambaye ni kai."

"Wa zai tambaye ki ni?"

"Duk wanda ya shigo gidan nan mana. Sai ya tsaya ya kalli katanga, ya shafa farin, ya shafa baƙin, ya ce wa ya yi wannan aiki? Mai gidajen hayan nan na kan kwana ya tambaya. Matar mai shagon magani ta tambaya sau biyu. Shugabar makarantar yara da ta zo duba ni har lambarka ta nema, wai tana so a wanke musu bango da daɓe kafin a koma hutu."

Mai Feshi ya gyara zama. "Me kika ce musu?"

"Gaskiya mana. Na ce mijina ne, rago na ƙarshe, ba ya ƙarasa aiki, ga shaida nan wata da watanni. Duk wanda ya ɗauke shi, rabi zai yi ya gudu." Ta sake ƙyalƙyalewa. "Shugabar makarantar har da riƙe baki."

Shi bai yi dariya ba. Makon jiya ya bi ta gaban makarantar, ya ga mutumin layin bayansu a kan tsani yana wanke bangon, kwana uku cur ana abu ɗaya. Aikin nan kaɗai da ya riƙe masa injinsa har ƙarshen shekara. Ransa ya yi baƙi sosai, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba zai iya jin haushinta ba. Da ya ji labarin ta yabe shi a gaban mutane, da cewa zai yi a kai ta asibiti.

Kaka ta jira amsa, ba ta zo ba. Tun da aka haife shi bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba.

"Ai kowa ya san wasa nake," ta ce, muryarta ta sauka.

"Ni na sani, Kaka. Su katanga suka gani."

Kakan da ya kira ta ya fi zagi ciwo a wurinta. Ta dubi katangar ta daɗe, kamar yau ta fara ganinta.

Ya miƙe yana kaɗe wando. "Bari in samo fetur ko rabin kwalba ne, in ƙarasa miki kafin ya zo. Kada a ce na mutu da rabin aiki."

"Kada ka taɓa mini katanga."

"Wata biyar kina mita a kanta."

"Na ce kada ka taɓa. Miƙo mini mayafina da sandata. Ka duba bayan murhu, ƙarƙashin kwalin ashana."

Ya duba. Takardun tallarsa ne, uku suka rage, gefen ɗaya ya ɗan ƙone. Ta karɓa ta shafe su a cinya, ta ninke ta riƙe.

"Mai gidajen haya, da mai magani. Ɗayar in ajiye don hura wuta."

"Ƙarfe uku ta kusa yanzu. Ke da kafin ki kai kan kwana sai an yi miki hutu biyu?"

"Da ƙafar nan na goyi uwarka, mara kunya."

"To in kin je me za ki ce musu?"

Ta gyara mayafi. Ta yi gyaran murya kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci.

"Zan ce ka iya aiki."

"Ban ji ba, kunnena ya toshe da ƙarar inji."

"Ka ji, ɗan banza. Kuma kada ka saba." Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Yau kam ka ci ni, maigida. Da bakina na kore maka su, da shi zan je in dawo da su."

Ta dogara sanda ta kama hanyar ƙofa, taku ɗaya, ta tsaya, taku ɗaya. Ya koma ya zauna kusa da baron, ya ɗora hannu a kan injin. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Mai saye ne, ga alama ya iso tun kafin lokaci. Ya riƙe ta tana ta ƙara a tafinsa, ya ɗaga kai. Kaka ko zaure ba ta kai ba.