Yadda Barau Tela Ya Hau Tudu a Kwance

An yi wani tela, Barau, mutum mai fara'a da tumbi kamar randa. Wata rana ya je kasuwar gwanjo sayen maɓallai, sai ya dawo da wani irin keke da ba a taɓa gani ba a garin. Shi ba zama ake yi a kansa ba, kishingiɗa ake yi, ƙafafu a gaba suna taka feda, mutum na kallon sama kamar mai jiran a yi masa aski. Taubashinsa Jatau, wani siriri mai tsohon keke baƙi, yana ganinsa ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Barau, gado ka saya ko keke?"

"Wanda zai bar ka a baya na saya, bawana."

Magana ta kai su ga yin fare. Ranar Asabar akwai suna a gidan kakarsu, can ƙauyen da ke kan tudu, dab da maƙabarta. Wanda aka riga isa, shi zai tsaya gaban jama'a ya zama maroƙin ɗan'uwansa, ya yi ta zuba masa kirari har a watse.

Barau ya gwada tudun sau ɗaya a ɓoye, ya gane akwai aiki. Keken kwance a miƙaƙƙiyar hanya kamar iska yake, amma a hawa ba dama mutum ya miƙe tsaye ya danna feda da nauyinsa. Sai ya garzaya wurin Mati mai gyaran keke, ya ce a rage wa abin nauyi. Aka cire kariya, aka cire ƙararrawa da fitila, aka sa tayoyi sirara kamar tsinken tsire. Da aka zo kan birki, Mati ya tsaya yana kallonsa.

"Har da shi?"

"Cire. Mai hawa tudu me zai yi da birki?"

Bai tsaya nan ba. Ya ji an ce iska ce ke riƙe mai gudu, shi kuwa ga allura ga zare. Ya lanƙwasa gora, ya ɗinka wa keken rumfa da farin yadi, tun daga kai har tafin ƙafa, yadin na zubowa yana rufe tayoyi. Ya sa zif ta ciki, ya bar ƴar kafa daidai ido.

Ranar Asabar da hantsi suka tashi daga bakin kasuwa. Kafin Jatau ya gyara zama, Barau ya wuce fuu, yana waƙa a cikin rumfarsa. Amma da tudu ya fara miƙewa sai waƙa ta koma nishi. Jatau ya zo ya wuce a tsaye kan feda, har da ɗaga hula.

"A gai da mai gado. In ka farka ka same ni."

Barau ya danna, ya danna, keke ya tsaya cak. Sannan ya fara komawa da baya, ga shi ba birki, har ya je ya kwanta a gefen wata gona. Ya ja zif, zif ya cije. Wasu manoma huɗu suka sheƙo, ya roƙe su don Allah su ɗaga shi su kai shi inda hanya ta ɗan kwanta. Suka ɗora shi a kafaɗa suna dariya.

To, ka san halin mutanenmu. Ba a ganin mutum huɗu ɗauke da dogon abu cikin farin yadi, sun nufi wajen maƙabarta, a tsaya tambaya. Mai faskare ya ajiye gatari ya biyo. Masu hira a gindin ɗorawa suka miƙe. Wannan ya karɓi wancan don neman lada, wancan ya karɓi wannan, kafin wani lokaci manoman nan huɗu an ture su can baya, suna ta bayani ba mai saurarensu. Kuma gawa ba a yi mata tafiyar hawainiya. Sauri ake, ƙafa na bin ƙafa.

Barau ya buɗe baki zai yi magana, sai ya leƙa ta kafar nan ya hango ƙeyar Jatau tana matsowa. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya miƙe ƙafafu sosai, har numfashi ya rage.

Jatau kuwa ɗan mutunci ne. Yana jin tahowar jama'a ya sauka daga keke, ya jingine shi a jikin darbejiya, ya shiga sahu, cunkoso bai bar shi ya gane yadin ba. Da layi ya zo kansa ya sa kafaɗa ta wajen tsakiya, inda nauyin ya taru, yana haki yana cewa, "Allah ya jiƙan wannan bawa, amma ya ci abinci."

Suna isa mararraba, hagu maƙabarta, dama gidan suna, sai aka ji murya daga cikin yadi: "Dama za ku yi, jama'a."

Aka saki makara, kowa ya kama gabansa, wani har da barin takalmi. Keke ya dira a kan tayoyinsa, ya gangara a hankali, ya shige zauren kakarsu da ƙafafun Barau a gaba. Aka farke yadin da wuƙar yankan rago, ya fito yana gyara hula, fuska sai sheƙi. Can sai ga Jatau ya shigo yana murza kafaɗa.

"Bawana, ka ga aikin gyara?" in ji Barau. "Jama'a shaida ne na riga ka. Gyara murya, fara kirari."

Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wanda aka hawo da shi tudun nan a kafaɗa ba kirari ake yi masa ba, gadonsa ake rabawa. Ni keken ɗinkinka nake so."