Ramuka Arba'in, Kalwa Tara

Dikko ba ya wuce ƙwallon itace a ƙasa. In ya ga na ɗinya ko na kanya ko na taura, sai ya duƙa, ya hure ƙasar, ya soke shi a naɗin hularsa. Mun saba. Matarsa ma ta saba zazzage hular kafin ta wanke.

Shi ya sa da 'yan ƙungiyar masu son itatuwa da tsuntsaye suka ce za su dawo da taronsu na bayan ruwan farko a dutsen garinmu, nan ƙasar Maradun, bayan shekarun da hanya ba ta biyuwa, Dikko ne ya yi alkawarin iri. Ya ce zai kawo kalwa mudu guda, a shuka ɗorawa a saman dutsen. Malama Rebecca, mai koyar da aikin gona a Talata Mafara, ita ke jan ragamar taron, ta sa aka haƙa ramuka arba'in. Kalwar kuwa ya aika wa taubashiyarsa Baturiya a Mafara, ta wanke masa garin da ke jikinta, ta taho da ita ranar taro. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma shekara sittin ke nan ba su daidaita a kan wanda yake bawan wani ba. Sana'arta daddawa. Na tuna masa hakan ranar da zai aika. Ya ce in bar shi.

Motar Mafara ta iso gindin dutse da hantsi. Masu madubin hangen nesa suka sauka suna ta nuna wa juna shamuwa. Baturiya ce ta sauko a ƙarshe da ƙulli a ka. Warin ƙullin ya riga ta isowa inda muke.

"Lahiya lau," in ji Dikko. "Ina gajiya? Ina gida? Ina ɗiyan?"

"Su dai lahiya suke. Kai ne ban gane ma ba. Wanga wuya naka kullum ƙara tsawo yake, awa na zalɓe. Ku masu kallon tsuntsaye, kun bar wani nan ƙasa!"

"Ba a gaisawa da ke a ƙare lahiya. Aje mani kayana, baiwar gidanmu."

"Zo ka sauke ni, bawa, in ba ka so in hwaɗa ma baƙi shekarunka nawa kana jiƙa tabarma."

Ya sauke ta. Ya kwance ƙullin. Ya daɗe yana kallo. Daddawa ce, baƙa wuluk, an mulmula ta an shanya, ta yi kyau ƙwarai.

"Baturiya. Minene wanga?"

"Hancin ma ya mutu? Kwana biyar ina kanta. Itacena, tokata, ƙugu nawa."

"Cewa na yi ki wanke!"

"Na wanke. Har sau uku."

"Sannan?"

"Sannan na dahwa, na surhe da toka, na sake dahwawa, na ruhe ta kwana uku. Ko kana so ka koya mani?"

"Iri kinka dahwa! Iri ne, matar nan, iri!"

"Wa ya ce mani iri ne? Shekara arba'in, duk wanda ya aiko kalwa ƙohwata abu guda yake so. Kai kaɗai ne duk Zamfara za ka aika ma mai daddawa kalwa, ka zauna kana jiran ta dawo ma da rai."

Malama Rebecca ta matso da littafinta a hannu. "Baba Dikko, ramuka na jira tun jiya. Ina irin?"

"Ga shi nan, Malama. Ɗauki ki shuka. In Allah ya so, baɗi sai ku hau ku tsinko miya ga reshe."

"Ramuka nawa kunka gina, ɗiyata?" in ji Baturiya.

"Arba'in, Inna."

"Ku sa shi cikin guda, ku bar kan waje, ku riƙa ba shi ruwa. Wataƙila gashi ya tsiro."

Wasu suka yi dariya. Malama ta danne tata, ta ce, "Ba komai, Baba. Kalwa ba ta ƙare a kasuwar Bakura ba. Mako mai zuwa sai a samo wata."

"Ba ni son ta kasuwa."

"Ku ji shi," in ji Baturiya. "Tashi daga Makka anka kawo ta."

"Ta ɗorawar Nagode ce."

"To sai mi? Ɗorawar kakarmu ba ta da ƙahwa. Tana nan saman dutse inda ta shuka ta. Baɗi ka hau ka kaɗo, in ba ka hwaɗo ba."

Dikko ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ni kuma na ga ya dace in kalli shamuwa.

"Dikko. Da kai nike."

"Ta hwaɗi. Iskar bazara ta tuge ta. Yau kwana arba'in. Abin da na aiko maki, shi na tsinta ga rassanta, babu saura."

Baturiya ta nemi dutse ta zauna. Ba ta daɗe a zaune ba ta miƙe.

"Kwana arba'in! Itacen da Nagode ta shuka ranar sunan uwata ya hwaɗi, ka yi shiru? Akuyarka ta haihu, ka kira ni ga waya. Haƙorinka ya hita, ka kira ni har sau biyu. Ran da ka ga wani tsuntsu mai jan wuya ka hana ni sallar walaha. Amma wagga ka haɗiye?"

"Na ce in kin hau yau kin iske ramuka kewaye da kututturen, abin zai zo maki da sauƙi."

"Sauƙi! Ka sa na dahe ɗiyanta da hannuna, ina waƙa!"

"Ni na sa? Ni na hura wutar?"

"Baki gare ka ko ramin gara? Kalma guda: iri. Ko ta yi maka nauyi?"

"Ke da kike tambayar kuɗin zanen kowace mata ga biki, ba ki iya tambayar mi za a yi da kalwa ba?"

"Miya ake yi da ita! Tun kahin a haihe ka miya ake yi da ita!"

"Arba'in na ce ma mutanen ga. Sun taso tun daga Dakko da Damri. Yanzu mi zan ce masu?"

"Ka ce masu kai ne. Kowa ya gan ka ya gane."

Masu madubi sun daina kallon sama tun ɗazu. Baturiya ta yi tsaki, ta jawo bakin zanenta, ta shiga kwance wani ɗan ƙulli da haƙori.

"Nagode ba ta taɓa juye kalwa cikin tukunya ba ta cire rabon ƙasa ba," in ji ta. "Kai ba ka sani ba, lokacin kana bayan rumbu kana lasar garin ɗorawa, baki rawaya. Ni ko ban taɓa hwashi ba. Na ce in ruwa ya zauna in watsa bayan gida."

Ta buɗe tafin hannunta. Kalwa ce ɗanya, wankakkiya. Na ƙirga daga inda nake. Tara.

Dikko ya miƙa hannu. Ta dunƙule nata.

"Wane ne bawa?"

"Baturiya, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai kallo ya kawo su, har da madubi. Wane ne bawa?"

"Ni ne."

"Malama ba ta ji ba. Tana so ta rubuta."

"Ni ne! Na yau kaɗai!"

Sai ta fashe da dariya har tana share ido da mayafi, ban dai tabbata duk dariyar ce ba. Ta zuba masa a hannu. Ta raba daddawar gida biyu, ta tura masa rabi da ƙafa, ta ce kada ya kuskura ya ba kowa.

Gwiwa ba ta bar ta ta hau ba. A gindin dutse muka bar ta tana yi wa direba bayanin halin Dikko tun daga yaye. Mu muka hau. Ramuka takwas suka sami kalwa. Sauran kuwa, Dikko ya zazzage hularsa a kan littafin Malama, aka sami ɗinya da kanya da taura da wasu da shi kansa ya manta inda ya tsince su. Suka ishe mu.

Rami ɗaya ya hana a taɓa, wanda ke daf da kututturen. Ya soke kalwa ta tara a naɗin hula, ya ce wannan sai mai ita ta hau da kanta. Da aka sauko aka gaya mata, ta ce za ta hau ranar da bawanta ya goya ta.

An yi ruwa sau uku tun daga ranar. Takwas ɗin nan, shida sun fito. Jiya na hango shi ya hau da fartanya, ya kwashe yashin da ruwa ya zuba a ramin, ya sauko. Matarsa ta ce yanzu ba ya bari a wanke hular.