Tutar Ƙungiya a Shagon Tela

"...lafiya lau muka tashi, sai yanzu da na ga fuskarka. Yaya mutanen gida? Ko su ma ka kashe musu famfo?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in tambaya, wai har yanzu kina ɗinka wa mutane riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

"Masu jiki irin naka nake wa haka. Zauna, amma ba a kan kayan mutane ba."

Sakatare ya ture tarin yaduka gefe ya zauna a bakin benci, ya ɗora jakar takardunsa a cinya. Shagon ɗan ƙarami ne: keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, da fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Rediyo na rataye a ƙusa, ana ta musu a kan dokar da gwamnati ta kai majalisa, wadda za ta hana ma'aikatanta yajin aiki, kuma duk gurbin da ya buɗe a cike shi da ɗan kwantiragi.

Shekararsa talatin da ɗaya yana gyaran bututu a ma'aikatar ruwa, goma sha biyu daga ciki yana riƙe da littafin ƙungiyar ma'aikata, har laƙabin Sakatare ya danne sunansa na gaskiya. Tela kuwa 'yar goggonsa ce, taubashiyarsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Abin da ya kawo shi yau tuta ce. Jibi ƙungiya za ta yi tattaki zuwa majalisa, kuma ita ya ba wa ɗinkin.

"Ina tutata?"

"Wace tuta? Au, likkafanin ƙungiyarku? Da na ga ka kawo yadi shida na ce lallai gawar babba ce."

"Aniyarki ta bi ki. Ƙungiyar ta fi ki lafiya."

"Saurara mana." Ta nuna rediyon da almakashi. "Mutumin nan tun safe yake cewa ku kuka hana ƙasa motsi. Ku tafi yaji wata biyu, ku dawo ku karɓi albashinku cif, mu kuwa mu yi ta sayen ruwa a jarka."

"Wannan mai maganar bai taɓa shiga rami ba. Ki aika masa ya zo in ba shi sifana da takalmin roba, mu ga ko zai kai azahar."

"Shi bai shiga rami ba, shugabanninku kuma ba su fita daga mota ba. Na ga shugabanku rannan. Da aka zaɓe shi, yadi uku ke masa riga har a rage. Yanzu ko labulen falo aka ba shi sai an yi ƙari."

Sakatare ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinsa. Shi kansa ya sha yi wa shugaban wannan tsiyar.

"Ke dai kishi kike yi don ba ke kike masa ɗinki ba. Amma bari in tuna miki, baiwata."

"Wa ce baiwar? Ubanka da kansa ya ce da uwata, ga wannan mai kunnuwan na bar wa 'yarki ya riƙa ɗaukar mata kaya."

"Ƙarya kike wa mamaci. Bari in tuna miki abokin aikina da rami ya rufta da shi shekara tara da suka wuce. Cewa aka yi laifinsa ne, ba za a ba iyalinsa komai ba. Wa ya tsaya? Mu. Kwana goma sha ɗaya muna zaune a ƙofar ofis. Yau 'yarsa malamar makaranta ce. Tun daga nan ba a sake tura mutum rami ba tare da an kafa katako a gefe ba. Hutun da ake samu, fansho, ko safar hannun nan, kin zaci don Allah aka bayar?"

Tela ta dakatar da keken.

"Allah ya ji ƙansa. Wannan kam kun yi, ba na musu." Ta sake taka keken. "To amma bara da ma'aikatan asibiti suka tafi yaji, wa ya yi ta yawo da goggonka daga wannan ƙofa zuwa waccan tana numfashi da ƙyar? Manyan da kuke faɗa da su ko atishawa suka yi sai su hau jirgi. Ku yi faɗa da su, duka ya sauka a kanmu."

"Ni na kawo motar da aka kai ta."

"Motar da ni da maƙwabta muka tura har bakin titi."

"Amma dai ta tashi."

"Ta tashi bayan goggonka ta ce a sauke ta ta taka da ƙafa."

Ya shafa gemu. Ranar tana nan a ransa. A taron da ya biyo baya shi ya kawo shawarar cewa duk yajin da za a yi a bar masu aikin gaggawa, aka yi masa ihu har wani ya kira shi ɗan koren gwamnati.

"Shi ya sa wannan karon ba yaji za mu fara ba," ya ce. "Tattaki ne. In dokar nan ta wuce, an rufe mana baki ke nan har abada."

"Ku nawa ne za ku yi tattakin?"

"Muna da yawa."

"Mutum nawa suka zo taronku na ƙarshe?"

"Ana ruwa ranar."

"Ma'aikatan ruwa ne ke tsoron ruwa? Ku nawa?"

"Ashirin da uku."

"A cikinsu mutum nawa ne gwiwarsa ba ta ƙara in ya miƙe?"

"Ke me ya haɗa ki da gwiwar maza?"

"Ni na ɗinka tutar, na san nauyinta. Yadi shida ne mai kauri. Kai saura shekara biyu ka ajiye aiki. Mataimakinka da sanda yake tafiya. Ma'ajinku in ya cire tabarau ba ya bambance matarsa da firiji. Wa zai riƙe ta, bana da baɗi?"

"Kawo tutar ki ga ko ba zan ɗaga ta da hannu ɗaya ba."

Ta miƙe ta jawo ta daga ƙarƙashin tebur, ta ba shi gefe ɗaya, ta ja ɗayan har bakin ƙofa. Jan yadi ne, haruffan farare, an yanka su an ɗinke tsaf, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Sakatare ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Rubutun da ya ba ta shi ne: DUK MA'AIKACI ƊAN'UWANMU NE. Amma a farkon layin babu komai sai fili.

"Ina DUK ɗin?"

"Yana cikin aljihun tebur."

"Zaren ne ya ƙare, ko karatun ne ya gagara?"

"Ni ba na ɗinka ƙarya. Ina rage kugu, ina ɓoye tumbi, amma ƙarya da manyan haruffa ba da kekena ba."

Ya san inda ta dosa. Tun da ya shigo yake fatan ba za a je wurin ba.

Auta, 'yar Tela ta ƙarshe, shekararta biyar tana karanta mitar ruwa a ma'aikatarsu, gida gida, a ƙafa. 'Yar kwantiragi ce, duk wata shida a sabunta mata takarda ko a ƙi. Irinta sun kai arba'in. Bara ta same shi a ofishin ƙungiya ta ce, Kawu, ina so in shiga. Ya buɗe mata kundin ƙungiya ya nuna mata inda aka ce sai ma'aikacin dindindin. Ta ce to, ta gode, ta fita. Tun daga ranar, in ya hango ta a farfajiya sai ya sami abin dubawa a jakarsa.

"Kin san ba ni na rubuta dokar ƙungiyar ba," ya ce.

"Na sani. Kai dai karanta ta ka iya. Da Auta ta haihu, kwana nawa ta yi a gida?"

Ya kau da kai, ta amsa da kanta.

"Sha shida. Rana ta sha bakwai ta ɗaure ciki ta fita, don an ce in ba ta zo ba akwai masu jira. Ni na riƙe jaririn a nan, kan wannan bencin da kake zaune. Yanzu kuma an tara 'yan kwantiragin an ce duk wanda aka gani a tattakinku ya nemi wani aikin. In kuka tafi yaji, su za a sa su yi aikinku. In sun yi, ku ce musu maciya amana. In sun ƙi, a kore su, ba mai tsaya musu. To ta ina take 'yar'uwarku?"

"Ki fahimta. Dattawanmu suna ganin in muka karɓe su, mun amince da tsarin kwantiragin ke nan. Mu so muke a soke shi gaba ɗaya, a ɗauke su aiki na sosai."

"Shekara nawa kuna so?"

"Ana kan magana."

"Yaron da ta haifa har ya fara cewa Kaka, ku kuna kan magana. Kai ko bututu ne ya fashe, ai kana ɗaure shi da roba kafin sabo ya zo. Kuna kuka gwamnati za ta kashe ku. Ba sai ta wahala ba. Ta zauna kawai ta jira ku gama ritaya ɗaya bayan ɗaya, ta sa a share ofishin a zuba buhunan siminti."

A rediyo wani yana cewa zamanin ƙungiyoyi ya wuce, wani yana katse shi. Sakatare bai ji sauran ba. Yana kallon filin da ke jikin tutar, yana lissafa fuskokin da ke cika farfajiya da safe. Masu gyara, masu mita, masu gwajin ruwa: duk wanda bai kai arba'in da haihuwa ba a cikinsu ɗan kwantiragi ne. Ya daɗe da sanin haka. Bai taɓa jin an faɗa masa shi a fili ba, sai yau, daga bakin da ba shi da damar yin fushi da shi.

Ya saki gefen tutar ya ciro waya.

"Wa za ka kira? Motar asibiti?"

"Yi min shiru, mai bakin almakashi."

Shugaba ya ɗauka. Sakatare ya gaishe shi, sannan ya ce a taron yau da la'asar akwai batun da zai sa a farko: gyara kundin ƙungiya don a karɓi 'yan kwantiragi. Muryar shugaba ta tashi har Tela tana jiyowa. Sakatare ya bar shi ya gama.

"Na ji, ranka ya daɗe. Amma ni ke rubuta jerin batutuwa, kuma na rubuta. A kaɗa ƙuri'a. In an kayar da ni, ga littafin, a ba wani." Ya saurara. "A'a, ba wanda ya zuga ni." Ya harari Tela. "Wata tsohuwa ce dai ta riƙe mana tuta."

Ya kashe wayar. Ya cusa ta a aljihu.

"Ya yarda a tattauna. Ban ce miki za su amince ba. Mutum bakwai na tabbata suna bayana, sauran sai na bi su ɗaya ɗaya kafin la'asar. Kuma ki gaya wa Auta kada ta fito jibi sai in sunanta ya shiga littafi, lauyanmu ya san da ita. Ba na so a kore ta a banza."

Tela ta jawo tutar. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko haruffa uku, ta jera su, ta kafe da fil. Keken ya yi ta ƙara na ɗan lokaci. Ta gutsure zaren da haƙori, ta goge wurin, ta ninke tutar ta dangwara masa a cinya.

"Tsohuwa ko? Da wata huɗu ka girme ni."

"Wata huɗun nan kuwa duk hankali ne."

"Da ka yi amfani da shi tun bara."

Ya miƙe zai fita, ta ce ya dakata. Ta sunkuya bayan keke ta jawo wata leda ta miƙa masa. Ya leƙa. Jajayen ƙyallaye ne na ɗaurawa a damtse, irin waɗanda 'yan ƙungiya ke sawa ranar tattaki, an kalmashe bakin kowanne.

"Ai muna da namu."

"Ba naku ba ne. Arba'in da ɗaya ne, na su Auta. Daga ragowar yadinka na fitar. In an karɓe su ka raba musu. In ba a karɓe su ba ka dawo min da kayana in yi tsumman goge keke, kai ma in haɗa da kai."

"Yaushe kika ɗinka waɗannan?"

"Shekaranjiya."

Sakatare ya dubi ledar, ya dubi Tela, sai ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa.

"Wato tun shekaranjiya kika gama taron, kika kaɗa ƙuri'a, ni kawai kike jira in zo in sa hannu! Na sallama. Kin ci."

"Yau ka fara sallamawa?" Ta zura zare a allura ba tare da ta ɗago ba. "Ɗauki kayanka ka tafi neman mutanenka. Ka tare min haske."