Yadda Ake Rage Kaya Ba Tare da Sun Ragu Ba

Albishirinka, kai dattijon da 'ya'yansa suka ɗauko daga babban gida suka ajiye a ciki da falo. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shekara biyu kana rage kaya ba ka gama ba. Ba labari na ji ba, ni na gwada. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rediyo da agogo, saboda haka in ana maganar tarkace, ka ja kujera ka saurara.

Ga yadda abin ya faro. Bayan rasuwar uwar yara, aka ce gidan ya yi mini yawa, matakalar bene kuma ta fi ƙarfin gwiwata. Aka dawo da ni nan, inda in na yi miƙa a kan gado sai ƙafata ta gaisa da firji. Kwalaye goma sha tara suka biyo ni. Autata ma'aikaciyar jinya ce a can ƙarshen gari, mota biyu take hawa kafin ta iso. A da sai in yi wata biyu ban sa ta a ido ba, sai dai murya a waya. Ita ce ta ce za ta riƙa zuwa duk Asabar har mu gama tantance kwalayen. To ni kuwa ban ga dalilin gamawa ba.

1. Ka yarda da komai tun daga bakin ƙofa

Kada ka yi gardama. Mai gardama a yini ɗaya ake gamawa da shi, a kira mota a kwashe. Za ta zo maka da sabon ilimi daga cikin waya: wai ƙaramin gida da kaya kaɗan shi ne kwanciyar hankali, wai duk abin da ka shekara ba ka taɓa ba, ba ka bukatarsa. Ka gyaɗa kai, ka ce ai ra'ayinka ke nan tun kana saurayi. Sannan ka ɗora ruwan shayi a butar da ta fi jinkirin tafasa, don ba a buɗe kwali da yunwa.

In ta tafi, ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya kana taɓawa. Dattijo ba ya ƙarya, in an tambaye ka ranar Asabar, cikin makon nan ka taɓa shi.

2. Kowane abu ka ba shi labari

Ta ɗago murfin tukunyar da ba a san inda tukunyar take ba? Ka karɓa, ka juya shi, ka yi ajiyar zuciya. Ka tuna mata cewa a jikinsa ta ƙona yatsa tana shekara huɗu, uwarta ta yi kuka fiye da ita. Labari mai kyau yana cin minti arba'in, in an yi sa'a ita ma ta tuno nata ta ɗora.

In abu ba shi da labari, ka yi masa. Akwai wani makulli da na ba tarihi har zama uku, alhali ban san ƙofarsa ba. Abu ɗaya kawai za ka kiyaye, kada ka ba kaya ɗaya labari biyu, yaran yanzu ba sa mantuwa.

3. Ka ƙara kashi na huɗu

Za ta raba kayan kashi uku: na ajiyewa, na bayarwa, na zubarwa. Ka yaba tsarin sosai, sannan ka kawo shawarar ƙaramin kashi guda mai suna "a bari a gani". Kada ka damu, da kansa zai girma.

4. Ka nemi maƙwabci mai rufin asiri

Nawa mai wanki da guga ne, shagonsa na jikin tagata. Duk abin da Auta ta fitar bakin ƙofa don masu kwasar shara, kafin ta kai tasha ya shige ƙarƙashin teburinsa. Ranar Litinin ya miƙo mini ta taga, in sauya masa kwali. Ladansa shi ne dutsen gugarsa ba ya kwana a lalace.

Amma ka yi a hankali da abu mai kama ido. Akwai agogon bango marar hannu da muka zubar sau huɗu. A na huɗun ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, agogon nan 'yan'uwansa da yawa."

Na ce, "Kamfaninsu ɗaya."

Sai ta tashi ta ƙara mini shayi.

5. Ka bar ta ta yi nasara jefi-jefi

Wanda bai taɓa cin nasara ba yakan gaji ya daina zuwa. Ka sadaukar da fankar da ba ta juyawa, da rediyon da kai kanka ka san ya riga ya tafi. Ka yi ɗan jimami a fuska don ta ji ta yi aiki.

A nan haɗarin yake, kuma ni a nan na zame. Ranar da muka janye kwalayen da suka toshe taga, haske ya shigo har tsakiyar falo. Na daina buga ƙafa a hanyar banɗaki. Na samu tabarauna da na ɗora wa mai guga laifin ɓatansa. Wallahi ɗakin ya fi daɗi, kada ka faɗa mata. Daɗin ya ɗebe ni, na riƙa sakin kaya da gaske, ban farga ba sai wata Juma'a na duba na ga kwali ɗaya tal a lungu, shi ma rabi. Ranar abinci bai shiga ba. Ba kayan nake ji ba, tarkace ne, na fi kowa sani. Tsoro nake in koma murya a waya.

6. In kaya suka ƙare

Washegari na fita sayen burodi, na dawo na tarar ta riga ta iso tana shara. Muka sha shayi. Na ja labari iya ja, amma kafin azahar kwalin ya zama fanko. Ta ninke shi ta jingine a bango. Na yi ta kallon tafin hannuna.

Sai ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta ce ashe akwai wani a ƙarƙashin gado. Ni kuwa na san ƙarƙashin gadon nan, jiya na share shi, ko zare babu. Ta jawo ƙaton kwali an ɗaure da igiya irin ɗaurin mai guga. Na waiga taga, sai ga mutumin ya duƙufa yana shanya rigar da ta riga ta bushe.

Ta buɗe. Tsohon labule ne, da fitilar caji, da kofuna marasa mariƙi, babu ko ɗaya da na taɓa gani. Ta zaro takalmin maza ƙafar dama, lamba arba'in da biyar. Ni arba'in da ɗaya nake sawa. Mutum ɗaya na sani mai wannan ƙafar, shi ne mijinta.

Ta miƙo mini, fuskarta ko gezau. "Wannan fa, Baba, mene ne labarinsa?"

In ka kai wannan matakin, ba ka bukatar shawarata. Ka karɓa, ka juya shi. Ni dai na ce, "Zauna, Auta, wannan dogo ne." Har aka yi la'asar ban kai rabi ba.

Sanarwa

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka yi tuntuɓe da kwali, gwiwarka ce. In maƙwabcinka ya zama mai aiki wa ɓangare biyu, kai ka zaɓo shi. In kuma surukinka ya zo yana cigiyar takalminsa, kada ka ambaci sunana. Nawa dai da silifas ya zo gaishe ni shekaranjiya, ya zauna yana ta kallon kashin "a bari a gani", na ba shi shayi. Ba zan iya ba shi takalmin ba tukuna, labarin ƙafar dama kawai muka gama, saura ta hagu.