Ƙofar Bayan Motar Alhaji Illo

Duk Tamanrasset babu wanda ya san mota kamar Alhaji Illo mai atamfa, mutumin Damagaram. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya yi wa kansa ƙarya ba. Tun da ya sayi 'yar motar ɗaukar kaya, kamiyonet, a hannun wani Bafaranshe mai komawa gida, 'yan kasuwa suka laƙaba masa Sarkin Sitiyari. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, don bai ga yadda suke haɗa ido in sun faɗa ba.

Rannan yana nuna wa jama'a yadda gwanaye ke baya-baya ba waiwaye, sai garun masallaci ya ƙi kaucewa. Ƙofar bayan motar ta lotse kamar tsohuwar tasa.

"Magina ne ba su iya aiki ba," in ji Alhaji.

Abin ya zo a mugun lokaci. Ran Juma'a dattawan 'yan Nijar za su naɗa shugaban 'yan kasuwa, shi kuwa har ya ɗinka rigar.

Ya tafi wurin Isufu mai tsofaffin ƙarafa, kan hanyar Outoul. Isufu ya jawo ƙofofi masu dacewa da motar. Akwai toka-toka irin launinta, amma idon Alhaji ya faɗa kan wata rawaya mai manyan rubutun Faransanci.

"Alhaji, wannan fa ta motar..."

"Isufu, ni za ka karanta wa Faransanci? Na sha shayi da kumandan! Wannan rubutun manya ne. Ɗaura."

Isufu ya ɗaura. Ta zauna daram.

Ran Juma'a da hantsi Alhaji ya sha rawani, ya ce bari ya zaga unguwar Tahaggart talakawa su ga shugabansu. Ya tsaya a bakin lungu, ya danna oda. Sai ga mata suna fitowa da kwanduna da bokitai a ka, suna buɗe ƙofar baya, suna juyewa. Alhaji bai sauka ba, bai ko waiwaya ba. Babban mutum ba ya leƙen kyauta a gaban mai bayarwa. Hannu kawai yake fiddawa ta taga.

"Allah ya yi albarka! Ba zan manta da ku ba!"

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ina kuka shige ne? Mun daɗe muna jira."

"Ga ni na zo, Inna. Wahalarku ta ƙare."

Bayan an sauko daga masallaci ya kai motar ƙofar gidan Malam Tukur, babban malamin 'yan Nijar, inda dattawa suke zaune kan tabarmi.

"Ba zan yabi kaina ba," in ji shi. "Ku zo ku ga abin da jama'a suka ce."

Ya fizge ƙofar. Toka, kashin awaki, ɓawon albasa da gwangwanayen kifi suka zubo masa har gwiwa. Ashe ƙofar tsohuwar motar kwasar shara ce, wadda ta mutu bara, kuma duk matan unguwa sun san launinta.

Malam Tukur ya toshe hanci da gefen rawani, ya daɗe yana duban tulin.

"To, Alhaji, jama'a sun yi magana, mun kuma ji. Gobe ka fara ta lungunmu."