Rasuwar Mitar Turke Na Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da ya riga zuciyar shiga makoki, ni Lutfi Bin Rumdan, mai farin jirgin ruwan nan da ke ɗaure a ƙarshen gadar katako ta biyu, nake sanar da mazauna tashar jiragenmu rasuwar mitar wutar lantarki ta turke na goma sha huɗu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a bakin aiki, tara daga ciki a hidimata.

Aikin marigayiya ɗaya ne. Duk wutar da ta bi waya daga turke zuwa jirgina, faifan cikinta ya juya, lamba ta ƙaru. Ƙarshen wata Si Munsif, magatakardan ofishin tasha, ya zo da littafinsa, ya goge gilashinta da hannun riga, ya cire lambar watan jiya daga ta yau, ya ninka da kuɗin yunit, ya ɗora ladan tasha a kai. Haka ake yi wa kowa. Sai dai 'yan'uwanta na sauran turaku 'yan tsegumi ne, ko fitila ka kunna sai sun kai rahoto. Ita kuwa tun da iskar gishiri ta shiga gaɓoɓinta ta koyi kawaici. Ka sha biyar, ta ce ɗaya ka sha. Ban taɓa ɓalle hatiminta ba, Allah ne shaida. Halinta ne kawai.

Sai wanda ya san cikin gidana zai gane girman wannan rashi. Da na yi ritaya daga koyarwa na sayar da gidanmu na birnin Susa na sayi jirgin nan, matata Munjiya ta yarda ta biyo ni bisa sharaɗi guda: iyakwandishan ba zai yi shiru ba daga Yuni zuwa Satumba. Ranar da ya yi shiru, in ji ta, za ta koma wurin 'yarmu a Ƙairawan, inda babu teku amma akwai bango mai kauri. Fanshona na dinari ɗari takwas bai isa ya riƙe wannan alkawari ba. Marigayiya ce ta riƙe mini shi shekara tara, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ciwon ajali ya fara ne a sanyin bara. Muryarta da muka saba ji, "tik, tik, tik", ta koma "tik", sai dogon shiru, sannan wani "tik" ɗin. Hankalina ya tashi, domin dokar tasharmu kowa ya san ta: mitar da lambarta ba ta motsa ba daga wata zuwa wata, gawa ce, mai ita kuma za a yanka masa kuɗin wuta bisa tsawon jirginsa har a kawo sabuwa. Nawa ƙafa talatin da takwas ne, kuma ofis yana awo har da katakon hanci da ɗan kwalekwalen da ke rataye a baya. Don haka kowace safiya nakan ɗan ƙwanƙwasa gilashinta da cokalin shayi, ta motsa kaɗan don jin kunyata. A watan Yuli cokali ya daina aiki. Saura kwana uku Si Munsif ya zo, lambar tana nan inda ya bar ta.

Maƙwabcina Am Bulbaba, tsohon masunci da ba ya rasa maganin kowace cuta, shi ya kawo shawara. Ya ce tsohuwa ce, ɗan abin da nake ba ta ya daina isarta, in ɗora mata kaya mai nauyi za ta tashi. Muka bi jirage muna aro. Dutsen guga biyu, butar lantarki, hitar ɗumama ɗaki, injin busar da gashi na wata Bafaransiya, ga firizar kifin Am Bulbaba. Muka jona su duka a soket guda. Munjiya ta leƙo ta tarar da ni tsugune gaban hita cikin ranar Yuli, ta ce, "Lutfi, kai da kake kashe mini fitila ina tsakiyar tsintar shinkafa, yau kai ne ke ɗumama teku?"

Amma faifan ya tashi. Wallahi ya tashi, yana "zuuu" kamar zamanin ƙuruciya, har na ji ƙwalla. Awa guda tana juyi, ta ƙirga yunit bakwai, kuma karo na farko a zamanmu babu ragi ko ɗaya. Daga nan ta ce "fas", hayaƙi ya cika gilashin. Garin neman ƙiba muka samo rama.

Da Si Munsif ya zo, ya daɗe a tsaye bai buɗe littafi ba. Sannan ya ce a hankali, "Si Lutfi, shekara tara ina rubuta abin da ta faɗa, ban taɓa tambayarta ba. A Maris ma ta tsaya ba ka lura ba, na ƙara mata lamba biyu da alƙalamina. Da ka bar ta ta kwanta lafiya, da haka zan ci gaba da yi. Amma ƙonanniya ba ta ɓoyuwa." Ban taɓa jin kunya da takaici sun haɗu mini wuri guda kamar ranar ba.

Marigayiya ta bar waya mai kauri guda ɗaya, da firiji, da iyakwandishan wanda bai ƙara buɗe baki ba tun ranar. Ta kuma bar firizar Am Bulbaba, wadda ba 'yar cikinta ba ce, amma yanzu ya amsa cewa ta sha riƙe ta a ɓoye duk ranar da na tafi kasuwa. Magajiyarta ta riga ta iso cikin kwali, irin mai katin nan ce da ake zuba wa kuɗi tun kafin a sha wuta, in sun ƙare ta yanke ko da tukunya na kan wuta. Na zauna da takarda na lissafa: iyakwandishan kaɗai zai cinye kashi ɗaya cikin uku na fansho.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, lokacin da mai gyaran wutar tasha zai kwance ta daga turke a kai ta ɗakin ajiya da ke bayan ofis. Za a karɓi gaisuwa a saman jirgina. Kowa ya zo da maficinsa, kuma a yi haƙuri babu shayi, butar ta bi marigayiya. Am Bulbaba yana iya halarta, amma kada ya ba kowa shawara.

Bayan an watse, mai hali ya raka ni tashar mota, inda Munjiya za ta shiga motar Ƙairawan ta ƙarfe sha biyu. Ta ce za ta dawo da zarar an shiga Oktoba. Amma jiya da take haɗa kaya, na ga ta ninke rigar sanyinta ta saka a ƙasan akwati.