Yadda Za Ka Jagoranci Binciken Matsalar da Butar Shayinka Ta Jawo

Zauna, ɗan'uwa, share zufar nan. Wata biyu ke nan da aka ɗora ka kan sashen injiniyoyi, kuma tun daga lokacin, kullum ƙarfe goma na safe manhajar kamfani sai ta ɗauke na minti shida. Jiya ka tsuguna a ƙaramin ɗakin nan mai sanyi, ka zare baƙar wayar da ka saba zarewa don ka jona butar shayinka, sai idonka ya bi wayar har bayan babbar kwamfutar da duk aikin kamfanin yake kanta. Yau kuma Maigida, mai kamfanin, ya ce duk wanda aka samu da hannu ya kwashe kayansa. Bi matakan nan a jere, na yi maka alkawari kujerarka ba za ta motsa ba.

1. Kada ka daina shan shayi

Nan sababbi suke faɗuwa. Injiniya ba ya tsoron abu ya lalace. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne abu ya gyaru bai san dalili ba. In matsalar ta tsaya yau, gobe za a fara tambayar wa ya bar yin me. Saboda haka ƙarfe goma ta yi, shiga, zare, jona, jira ruwa ya tafasa, mayar. Ma'aikata suna son shugaban da bai cika sauye-sauye ba.

2. Kafa kwamiti, ka hau kansa

Yi sauri kafin wani ya riga ka. Sa zaman ƙarfe goma da rabi, don ƙarfe goma kana da aiki. Kada ka shigo da kofin a hannu.

Zaɓi mutanenka da kula. Ɗauki Dogo, wanda ko fanka ce ta tsaya sai ya ce laifin masu ba da intanet ne. Ɗauki Gilashi, wanda maganin komai a wurinsa shi ne a rushe a sake rubutawa daga farko. Kada ka gayyaci Yaya, babbar injiniyar da ta shekara goma sha huɗu a sashen, mai yawo da ɗan littafi. Za ta zo duk da haka, da kujerarta.

3. Koya musu yafiya

Tashi tsaye, sassauta murya, ka ce: "A sashen nan ba ma tambayar wa ya yi, sai dai me ya faru." Sa a buga da manyan baƙaƙe a manna a bango.

Dogo zai ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ba makon jiya ka sa na rubuta takardar ban haƙuri shafi uku ba, don na goge fayil ɗaya?"

Dafa kafaɗarsa, in hannunka ya kai. "Na girma tun daga lokacin, Dogo."

4. Cika allo

Akwati huɗu, kibiya bakwai, da'ira ɗaya a tsakiya wadda kai ma ba ka san mece ce ba. Idan Gilashi ya ce sake rubutawar za ta ci wata shida, amince nan take. Wata shida ba ƙaramin numfashi ba ne.

5. Idan Yaya ta buɗe littafinta

Yi haƙuri, wannan matakin yana da ɗan zafi. Ba za ta dube ka ba, littafin za ta duba.

"Larabar makon jiya ba ta ɗauke ba," za ta ce. Ranar ka je cire haƙori. "Ranar da muka yi baƙi kuma, minti goma sha ɗaya ta yi. Kamar dai an cika wani abu har baki."

Yaba mata ƙwarai. Ka ce irin wannan basira bai kamata ta ƙare a kwamiti ba, akwai kwas na mako uku a wani gari, ka riga ka sa sunanta.

"Na gode, ranka ya daɗe," za ta ce. "Na fi so in ga ƙarshen wannan."

Gyaɗa kai. Gobe ka koma mataki na ɗaya.

6. Ranar rahoto

Maigida yana kan kujerar shugaban taro, Yaya ta miƙe. Gyara zama, ka saurara.

"An gyara tun kwana tara," za ta ce. "Mun ja wa kwamfutar wuta ta daban. Baƙar wayar nan mun bar ta a soket, amma yanzu ba ta jone da komai."

Kwana tara kana tsugunawa kana zare wayar banza, kuma ba ka lura manhajar ta daina ɗaukewa ba, don ba ka taɓa buɗe ta ba. Kada ka zurfafa tunani a nan.

"To wa ya yi?" in ji Maigida.

Yaya za ta juya a hankali, ta nuna takardar bango. "A sashen nan ba ma tambayar wa ya yi. Shugabanmu ne ya koya mana."

Maigida zai karanta, ya sake karantawa, ya miƙo maka hannu, ya ce a manna irinta a kowane sashe. Goge tafinka a wando kafin ka karɓa.

7. Sa hannu

Da ka koma ofis za ka tarar da takarda da rubutun Yaya a teburinka, an danne ta da butarka. A rage taron safe zuwa minti goma. A ba Dogo hutun da ka hana shi. A janye kwas ɗin nan. A daina zane a allo. Ƙasa akwai fili da yawa da aka bari, don abin da zai zo nan gaba.

Sa hannu, ɗan'uwa, da kyakkyawan rubutu. Daga yau komai zai tafi daidai: sashen ya samu shugaba, kai kuma kana da kujera.

A kula: mai wannan darasi ba shi da alhakin ƙonewar harshe, ciwon gwiwa daga tsuguno, ko murmushin da injiniyoyi za su riƙa yi duk sanda agogo ya buga goma. In kuma sashenku ba shi da Yaya, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Sayi filas, ka nemi kwalin kwashe kaya.